Hukuncin Kunna wa Mai Doguwar Suma Karatu ko Kiɗa

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya yi hatsarin mota, yau kwana goma sha tara yana cikin doguwar suma. Likita ya ce mu riƙa yi masa magana. Ƙanena yana so ya kunna masa kiɗan kalangun da yake so tun yana saurayi, ni kuma na ce Alƙur'ani kaɗai za a sa masa. Shin yana jin mu? Wane ne a kan daidai?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. 'Yar'uwa, ku ɗauka yana jinku. Da Allah ya so ya sa samarin kogo barci mai tsawo, cewa ya yi ya rufe kunnuwansu (Kahfi, aya ta 11), malaman tafsiri suka ce saboda ta kunne ake tada mai barci. Likitoci ma sun tarar da hakan. A 2006 wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Adrian Owen a Kambirij ta Ingila ya umarci wata mata da ba ta nuna alamar sanin inda take ba da ta ƙiyasta tana wasan tanis, sai na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna tana bin umarnin. Wani bincike na 2024 ya sami irin wannan a kusan mutum ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan majinyata. Ba kowa ba ne, amma ba ku san ko mahaifinku yana cikinsu ba.

Don haka abin da ya fi damuna ba wayar ƙaninki ba ce, bakunanku ne. Na sha ganin dangi a gefen gadon majinyaci suna lissafin kuɗin magani, wani ma har ya ce “ai wannan ba zai tashi ba”. Muslim ya ruwaito daga Ummu Salama cewa Annabi (SAW) ya ce idan kun halarci marar lafiya ko mamaci ku faɗi alheri, domin mala'iku suna cewa amin a kan abin da kuke faɗa.

Karatun Alƙur'ani mustahabbi ne. Nana A'isha ta karanta wa Annabi (SAW) Falaƙi da Nasi a ciwon ajalinsa, tana shafa masa da hannunsa. Ku karanta da bakinku ya fi ku kunna waya, domin ruƙiyya aikin mai karantawa ce da niyyarsa, kuma muryarku ya sani. A jami'ar Northwestern ta Amurka an riƙa sa wa majinyata muryoyin danginsu suna ba da tsofaffin labaran gida, sau huɗu a rana har mako shida, aka ga sun riga sauran farfaɗowa, kodayake mutum 15 kacal aka gwada. Ki kira shi yadda kika saba, ki ba shi labarin jikokinsa da gonarsa. Kada dai a maƙala masa abin ji a kunne dare da rana; ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana bukatar hutu.

Kiɗa kuwa, jumhurun malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da duffi a biki, Ibn Hazm da wasu suka halatta. Ni ina tare da jumhuru, musamman da yake ga halal a hannu. Sai dai idan ƙwararren likita ya ga an gwada muryoyinku da karatu ba a ga motsi ba, ya kuma yi zaton sautin da ya saba da shi zai taimaka, to akwai sauƙi gwargwadon bukata, matuƙar waƙar ba ta da batsa ko shirka. Shi mahaifinku ba laifi a kansa, an ɗauke masa alƙalami. Kada ki tsananta wa ƙaninki, ƙauna ce ta sa shi.

Sallolin da suka wuce shi kuma, a mazhabar Malik ba zai rama ba. Muwaɗɗa ta kawo cewa Ibn Umar ya suma bai rama ba. Allah ne mafi sani.