Lamborghini a Jidda: a hau ta kullum, ko a lulluɓe ta ana jiran riba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Jidda, iyayena 'yan Kano ne amma a nan na tashi. Tun ina yaro nake da burin mallakar Lamborghini, yanzu kuma Allah Ya buɗa. Na samu Huracán EVO ƙirar 2019, kilomita 9,000 kacal ta yi, mai ita yana neman riyal 900,000. Abokina ya ce in na saya kada in kuskura in riƙa hawanta, in lulluɓe ta a gareji shekara biyar, tunda an daina ƙera irinta kuɗinta zai tashi. Ni kuwa raina na son in riƙa zuwa shago da ita kullum, wajen kilomita 40 zuwa da dawowa. Wanne ya fi?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi, Ya sa halal ce ke ta zuwa.

Bari in fara da abokinka, domin maganarsa tana da tushe, sai dai ya ɗora ta a kan motar da ba tata ba. Gaskiya ne akwai motocin da suka yi wa masu su arziki suna zaune. Ferrari 250 GTO, wadda aka ƙera guda 36 tsakanin 1962 da 1964, an yi gwanjon ɗaya a Amurka a 2018 kan dala miliyan 48.4. McLaren F1 guda 106 aka yi gaba ɗaya, kuma a 2021 an sayar da wata da ba ta kai kilomita 400 a hanya ba kan fiye da dala miliyan 20. Mercedes 300 SLR Uhlenhaut kuwa biyu ce a duk duniya, ɗaya ta tafi kan yuro miliyan 135 a 2022. Irin waɗannan labaran ne ke yawo a waya, su ne kuma ke sa mutum ya ga mota mai ƙasa-ƙasa ya ɗauka gwal ce mai taya.

To amma dubi lissafin: 36, 106, 2. Ita Huracán shekara goma ana ƙera ta, daga 2014 zuwa 2024, kuma an yi sama da 20,000. Yayarta Gallardo an yi 14,022. A 2023 kaɗai kamfanin Lamborghini ya miƙa wa masu saye motoci 10,112, Ferrari kuma 13,663. Kama da wane ba ta wane. Motar da za ka shiga Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, yau da daddare ka ga irinta, gobe ka leƙa wuraren sayar da motoci na Riyad ka ga wasu, ka tsallaka Dubai ka tarar da su jere kamar tumaki a kara, ba ta da abin da ke sa farashi ya tashi, wato a neme ta a rasa.

Motocin da ke tashi tun suna sababbi ma, yawanci ba kai ke zaɓensu ba, kamfanin ne ke zaɓenka. LaFerrari guda 499 aka ware, kuma sai wanda Ferrari ta ga dama ta kira, galibi tsohon mai hulɗa da ya riga ya sayi motocinsu da yawa. Ford ta sa wa masu sayen GT ta 2017 sharaɗin kada su sayar sai bayan shekara biyu. Da ɗan kokawar nan John Cena ya sayar da tasa kafin lokaci, kotu suka kai shi. Ribar tana wajen shiga wannan layi. Wanda ya zo da kuɗinsa ya sayi ta hannu a kasuwa, an riga an cinye tuwon kafin ya wanke hannu.

Abin da ya sa nake jan kunne shi ne an taɓa yin wannan rawa. A ƙarshen shekarun 1980 mutane a Turai sun yi ta rububin motoci don a ajiye. Ferrari F40, wadda aka ce za a yi wajen 400, sai da aka ƙera sama da 1,300. A Ingila mutane suka zuba kafin alƙalami na fam 50,000 kowanne don Jaguar XJ220; kafin motar ta fito a 1992 kasuwa ta karye, farashinta ya kai fam 470,000, masu saye suka yi ta neman hanyar zamewa. F40 ta dawo ta yi tsada daga baya, ba musu, amma wanda ya saya a ƙololuwar rububin ya yi shekaru masu yawa yana kallon asara kafin nan.

Wuri ɗaya zan ba abokinka gaskiya. Injin Huracán mai silinda 10 ne, lita 5.2, ba turbo, ba lantarki, kuma wadda ta gaje ta, Temerario, silinda 8 ce da turbo da batir. Akwai masu son wannan tsohuwar ƙara, kuma hakan na iya rage mata saurin faɗuwa, musamman samfuran da aka yi kaɗan irin su STO da Sterrato. Amma rage saurin faɗuwa daban, riba daban.

Yanzu mu zo kan "lulluɓe ta a gareji", don a nan ne na fi ganin mutane suna ruɗin kansu. Duk wanda ya taɓa riƙon doki ya san dokin da aka ɗaure a turke ba ya daina ci, kuma in ya daɗe ba a motsa shi ba ƙafa ke fara lalacewa. Mota haka take. Batir yana mutuwa cikin 'yan makonni in ba a jona shi da na'urar caji ba, kuma a waɗannan motoci mutuwar batir tana tayar da fitilun gargaɗi iri-iri da sai an kai wa kwamfuta. Taya tana lotsawa a gefen da ta daɗe a kai. Robobin da ke tare mai a inji da giya suna bushewa su fara yoyo. Man birki yana shan danshi ko ana hawa ko ba a hawa, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Fetur yana tsufa a tanki. Sannan Jidda ce fa: gishirin teku a iska, gumi kamar an rufe ka a tukunya, zafin da ya taɓa kai digiri 52 a watan Yunin 2010. Garejin da ba na'urar sanyaya ɗaki, fatar kujeru da ta gaban mota sai ta ƙanƙance ta ɗaye. In kuma garejin na ƙarƙashin bene ne, ka tuna ruwan Nuwamban 2009 da na Nuwamban 2022.

An taɓa kawo mana wata Ferrari wurin gyaranmu a kan babbar motar ɗauka daga wajen Obhur. Shekara uku tana ƙarƙashin tamfol, mai ita yana alfahari ko kilomita 200 bai ƙara mata ba. Da muka ɗaga ta, tayoyin huɗu sun tsage, famfon mai ya cije, ɓera ya yi gida kusa da wayoyin inji ya ci abin da ya ci. Abin da ya kashe kafin ta tashi ya fi abin da zai kashe da yana fita da ita duk Juma'a. Kuma da mai saye ya zo, tambayar farko da ya yi ita ce ina takardun sabis na waɗannan shekaru uku. Babu. Nan take ya rage kuɗi.

Maganar taya kuwa ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Binciken haɗarin da ya kashe ɗan wasan Amurka Paul Walker a 2013 cikin Porsche Carrera GT ya nuna gudu ya yi yawa, kuma wasu daga cikin tayoyin motar sun haura shekara tara. Zanensu na iya zama kamar sabo, amma robar ta riga ta ƙeƙashe.

Mu ɗauka ka ajiye ta yadda ya kamata. Kowace shekara za ka biya inshora, sabis, wutar sanyaya gareji, ga sabunta istimara da fahas, wato rajistar mota da gwajin lafiyarta, in lokacinsu ya yi, ga tayoyi sabbi kafin shekara biyar ɗin ta cika, ga la'adar dillali ranar sayarwa. Ko da a ce duka-duka riyal 40,000 ne a shekara, ka ga 200,000 ke nan. Sai ka sayar da ita 1,100,000 kafin ka ce ka dawo da uwar kuɗinka. Ka kwatanta da gwal ɗin da iyayenmu mata ke saye a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda: oza ɗaya tana wajen dala 1,400 a 2019, ta haura 3,000 a Maris na 2025, ba ta nemi batir ba, ba ta nemi baƙin mai ba.

Akwai kuma zakka, wadda 'yan lulluɓe ba su cika kawowa a lissafi ba. Motar hawa ba ta da zakka komai tsadarta. Amma wadda aka saya da niyyar a sayar a ci riba ta zama hajar kasuwanci. A wajen mafi yawan malamai, ciki har da na nan ƙasar, duk shekara za a ƙimanta ta a fitar da kashi 2.5 cikin 100, wato riyal 22,500 a kan 900,000. A mazhabarmu ta Malikiyya an bambanta mai jujjuya haja da mai ajiyewa yana jiran kasuwa ta tashi. Shi na biyun sai ranar da ya sayar zai fitar, na shekara ɗaya. Ka zauna da malaminka a kan wannan kafin ka ƙulla niyya.

To hawa kullum fa? Motar za ta iya. Huracán 'yar uwar Audi R8 ce ta wajen inji da ƙashin jiki, giyarta mai kuloci biyu ce, ba ta fizge-fizge a cunkoso irin na tsofaffin Gallardo da ke cinye kuloci. Mai ma ba shi ne matsala ba a ƙasar da litar fetur mai lamba 95 take riyal 2.33, kada dai ka bari yaron gidan mai ya zuba maka 91. Abin da zai gajiyar da kai shi ne hanya. Kowane maɗabb, wato tudun nan na rage gudu da ke cike da unguwanninmu, sai ka tsaya ka danna maɓallin ɗaga hanci, wanda bai fi santimita huɗu da 'yan kai yake ƙarawa ba, ka haura a karkace, na bayanka yana ta oda. Gangaren shiga fakin na kasuwanni haka. Ba ka ganin bayanka sosai, akwatin kayanta ba ya ɗaukar fiye da ƙaramar jaka, kujera biyu ce, don haka uwargida da yara sai wata motar. Ka ajiye ta a ƙofar shago, rabin hankalinka yana waje: wannan ya jingina yana hoto, wancan ya buɗe ƙofar Hilux ya gogar mata gefe. Ɗan gugar da Najm, masu rubuta rahoton haɗari don inshora, za su rubuta cikin minti goma, kai sai ka yi makonni kana jiran kaya daga Italiya. Inji mai ƙarfin doki 640 ne a bayanka, tana kai kilomita 325 a awa, alhali babbar hanyar da aka fi sakar wa mara a ƙasar nan 140 ce, kuma kyamarorin Sahir masu kama gudun wuce kima ba su san Alhaji ba.

Sai lissafin mita. Kilomita 40 sau kwana 300, 12,000 ke nan a shekara. Motar da ta yi shekaru kafin ta tara 9,000, shekara ɗaya a hannunka ta wuce 20,000, shekara uku ta kai 45,000. Masu sayen irin wannan mota mita suke fara kallo kafin fenti. Za ka ji wani ya kawo maka misalin Rowan Atkinson, ɗan wasan barkwancin Ingila, wanda ya yi wajen kilomita 65,000 da McLaren F1 ɗinsa, ya yi haɗari da ita sau biyu, inshora ta biya fam 910,000 a gyara ɗaya, kuma duk da haka aka ruwaito ya sayar da ita wajen fam miliyan 8 a 2015. Gaskiya ne. Amma ɗaya ce cikin 106. Taka ɗaya ce cikin dubbai, kowane kilomita sai an cire maka kuɗinsa.

Don haka ga nawa ra'ayin, Alhaji. Taura biyu ba ta taunuwa. In jari kake nema, kada ka sayi wannan mota. Ka mayar da kuɗin cikin kasuwancin da ka sani, ko fili, ko gwal. In kuwa burin yarinta ne kake son cikawa, kuma za ka iya kallon kashi uku ko huɗu cikin goma na kuɗin nan sun narke a 'yan shekaru ba tare da jarin shago ko haƙƙin iyali ya girgiza ba, to saya, ka rubuta ta a shafin kashewa. Shago kuma ka ci gaba da zuwa da Camry ko Land Cruiser ɗinka. Ita ka fito da ita sau ɗaya ko biyu a mako, tafiyar da za ta kai rabin awa ko fiye don mai ya yi zafi sosai: Kornish da asubahin Juma'a kafin gari ya cika, ko ka hau dutsen Hada zuwa Ɗa'if, inda za ka gane abin da aka ƙera ta dominsa. Kilomita 3,000 zuwa 5,000 a shekara ya ishe ta lafiya, ya ishe ka nishaɗi, kuma ba zai kashe mata kasuwa ba.

Kafin ka biya ko riyal ɗaya, ka ciro rahoton Mojaz, mai nuna tarihin mota, da lambar shasi, ka tabbatar ta yankin Khalij ce, wato ƙasashen Larabawa na Gulf, ko shigo da ita aka yi daga Amurka, domin waɗanda aka shigo da su wasu an gyara su ne bayan haɗari ko ambaliya, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Ka kai ta wajen wakilin kamfanin su duba da kuɗinka, su auna kaurin fenti, su duba faifan birki, don in na kabon ne canjinsa kaɗai dubban riyal ne masu yawa. Ka nemi shaidar sabis na kowace shekara, ba na kowane kilomita ba. Sannan ka durƙusa ka karanta lambobi huɗun da ke gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Motar 2019 mai kilomita 9,000, ina kyautata zaton tayoyin da ta fito da su daga masana'anta ne har yanzu a ƙafarta. In ka ga 18 ko 19 a ƙarshe, ka cire kuɗin sababbi huɗu daga 900,000 ɗin nan, kuma kada ka hau da ita hanyar Makka sai an canza.