Tambayi Likita: Ciwon da aka zuba wa garin kafso

Tambaya: Likita, na ji rauni a ɗan yatsan ƙafa, bayan kwana 2 sai kaluluwa ta fito mini a matsematsi. Akwai matsala ne?

Amsa: Yawanci babu, Hajiya. Kaluluwa matattarar fararen ƙwayoyin jini ce, ta kumbura ne saboda suna fama da abin da ya shigo ta yatsan. Ki kula da raunin. In ta haura mako 2 ba ta saɓe ba, ko ta yi tauri tana ƙara girma, ki je asibiti.

Tambaya: Ƙusa ta soke ni, amma sabuwa ce, ba tsatsa. Dole sai na yi allura?

Amsa: In ka haura shekara 5 rabonka da rigakafin tetanus, ko ba ka tuna ba, ka je yau. Tsatsa ba ita ke kawo cutar ba. Ƙwayar na zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana son rauni mai zurfi inda iska ba ta kaiwa, kuma gubar da take fitarwa ce ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki.

Tambaya: Mahaifina na da ciwon suga. Ya ji ciwo a tafin ƙafa kwana 10 da suka wuce. Muna fasa kafso mu zuba garin a ciki, wani ya ce mu haɗa da toka don ya bushe. Yanzu ƙafar ta kumbura, tana wari, yana zazzaɓi, jiya ma yana ta sambatu. Wane kafso za mu canja?

Amsa: Malam, ka ajiye wayar nan ka kai Baba asibiti yanzu, ka karanta sauran a hanya. Kada a jira gari ya waye.

Fata ita ce katangar jiki. Akwai bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, birjik a kanta, ba sa yi mana komai muddin ba ta tsage ba. Da zarar ta tsage sai su samu ɗumi da danshi da abinci, kuma wasunsu kan rabu biyu duk bayan minti 20 zuwa 30. Jiki kuwa ba ya zama ya zuba ido. Hanyoyin jinin wurin na buɗewa, fararen ƙwayoyin jini su yi tururuwa zuwa wurin suna haɗiye bakteriyan. Wannan ne ja da ɗumi da kumburin da kake gani a gefen rauni. Mugunya ma gawarwakin waɗannan fararen ƙwayoyi ce haɗe da na bakteriya.

Ga mai ciwon suga lamarin ya sha bamban. Yawan suga na kashe wa fararen ƙwayoyin kuzari, jini ba ya isa ƙafa yadda ya kamata, jijiyoyin ji sun yi rauni. Shi ya sa za ka ga rami a tafin ƙafa, gefensa ya yi baƙi, dattijo kuma yana cewa ai ba ya masa zafi. Rashin zafin nan shi ke yaudarar iyali.

Toka kuma fa? Wallahi abin nan na ci mini rai. Kullum sai mun wanke toka da man goge baki da baƙin mai daga raunukan mutane kafin mu ga ainihin ciwon. Suna ƙona naman da ke ƙoƙarin warkewa, su yi ɓawo a sama, mugunya ta ci gaba da cin ciki. Garin kafso an yi shi ne don a haɗiya ya bi jini; barbaɗa shi a baki-bakin rauni ba zai kai ga ƙwayoyin da suka nutse har kusa da ƙashi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sambatun. Idan cuta ta fi ƙarfin wuri ɗaya, garkuwar jiki kan yi martanin da ya wuce kima, har ta koma tana lahanta ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa. Shi muke kira sefsis. Alamominsa: ruɗewa, numfashi sama-sama, bugun zuciya da sauri, ƙarancin fitsari, rawar sanyi. Kowace sa'a tana da muhimmanci. Baba na buƙatar maganin antibayotik, wato mai kashe bakteriya, ta jijiya, ƙarin ruwa, daidaita suga, da likitan tiyata da zai cire mataccen nama. Ku tafi da kwalin kafson da kuka yi amfani da shi, kuma ku faɗi gaskiyar duk abin da aka zuba. Don Allah kada a tsaya neman wani magani a gida.

Tambaya: Yarona na mura, akwai ragowar amoksisilin a gida. In ba shi?

Amsa: A'a, Hajiya. Mura wata irin ƙwayar cuta da ake kira bairas ke kawo ta, amoksisilin kuma antibayotik ne, bakteriya kaɗai yake kashewa. Abin da zai yi kawai shi ne ya kashe masu amfani da ke hanjin yaron, ya bar masu taurin kai su yaɗu. A shekarar 2019 kaɗai, bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya. Ki ba shi ruwa sosai, ya huta. In numfashinsa ya yi sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya ƙi shan komai, ko zazzaɓin ya wuce kwana 3, ki kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.