Ga mai tambaya kan ayyukan baya da suka ɓace

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi tambayarka ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ka ce wani kamfani a Yaba da ke Legas ya nemi ka nuna ayyukan da ka yi a baya, ka duba ka tarar shafukan duk sun mutu, manhajar ma babu ita a Play Store. Kada ka ɗauka kai kaɗai ne, da yawanmu a nan mun sha wannan.

Da farko ka je Wayback Machine, shafin da ke adana tsofaffin shafukan intanet, ka sa adireshin kowane shafi, sau da yawa za ka samu ya adana yadda shafin yake a da. Tsohuwar wayarka kuma kada ka bari a yi mata filashin a goge komai a kasuwar wayoyi ta Computer Village, wataƙila APK ɗin, wato fayil ɗin manhajar, na ciki. Ka buɗe, ka ɗauki bidiyon allo kana dannawa kana bayani.

Ni aikin da na fi alfahari da shi wani Alhaji dillalin albasa a kasuwar Mile 12 na yi wa. Manhaja ce da na gina da kayan aikin Flutter da Laravel, tana rubuta motocin da suka taso daga Aliero da Sakkwato, buhu nawa aka sauke, wa ya ɗauka bashi, wa ya biya. Har Paystack na haɗa masa don karɓar kuɗi ta intanet. Na yi ta yadda za ta yi aiki ko babu sabis, don kun san cikin kasuwar nan. Ya ba ni kafin alƙalami, ya ce sauran sai an gama. Da aka gama sai ga ɗan ƙaninsa da ya dawo daga bautar ƙasa, wai a ba shi lambobin sirri ya duba wani abu. Asusun Play Console, inda ake ɗora manhaja zuwa Play Store, da imel ɗin Alhaji aka buɗe, tunda shi ya biya dala 25 ɗin. Washegari an canza komai. Na je karɓar cikon kuɗina, da damina, taɓo har idon sawu, na tsaya bakin rumfa yana cin tsire a takarda, ko "zauna" bai ce min ba. Ya ɗago ya ce, "Yaro, ai danna kwamfuta kawai ka yi, ka dawo bayan Sallah." Yaransa na dariya. Sallah ta wuce, wata ta zo ta wuce. Daga baya na ga manhajar a wayar wani direba, sunan yaron nan a ƙasa wai shi ya ƙirƙira. Ko launin da na zaɓa bai canza ba. Na bar shi da Allah, amma har yau in na ji warin albasa a danfo raina ɓaci yake.

Ɓacewar taka daga Play Store ba lallai mugunta ba ce. Google na ɓoye manhajar da aka daina sabuntawa ga masu sababbin wayoyi, asusun da aka yi watsi da shi kuma yana iya rufe shi. Shafuka kuwa, tun da aka saki naira a 2023 masu su da yawa suka daina biyan kuɗin saba (kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet) da dala, suka bar su suka mutu.

In lambar aikin, wato code ɗin da ka rubuta, na kwamfutarka, ka cire sunan mai shi da makullan Paystack, ka zuba bayanan bogi, ka ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye code a nuna wa mutane. Masu ɗaukar aikin nan sun fi son jin matsalar da ka ci karo da ita da yadda ka warware ta, aiki biyu masu motsi sun ishe ka.

Kuma don Allah rabin kuɗi a hannu kafin ka buɗe laftof, ko da limamin unguwarku a Agege ne ya haɗa ku. Ku rubuta a WhatsApp cewa kana da damar nuna aikin.

In za ka buɗe asusun Play Console naka na kanka, yanzu sai mutum 12 sun gwada manhajar na kwana 14 kafin Google ya bari ta fita. Ka turo a nan, ka sa ni na farko, sauran ma ba za su rasa ba.