Amsar tambayar Kawu game da Witzenhausen

Kawu, barka da war haka. Ka tambaye ni yadda Bahaushe ke zama a garin da ko a taswira sai an ƙura ido, da kuma dalilin da ban taɓa turo hoton ragon layyata ba.

Witzenhausen na ƙasar Jamus, a arewacin jihar Hessen, a bakin kogin Werra, tsakanin Kassel da Göttingen. Mutanensa wajen dubu 15 ne, wata unguwar a Kano ta fi su yawa, amma tun 1225 yake da matsayin gari. Tinƙahonsu ceri ne, wani jan ɗan itace da ya ɗan ɗara magarya. A watan Yuli ake bikinsa, har a naɗa wata budurwa sarauniyar ceri.

Noma ne ya kawo yawancinmu nan. A 1898 aka kafa makarantar horar da Jamusawan da za su tafi noma a ƙasashen da suka mallaka, irin su Kamaru da Togo. Ikon Allah, yau a wannan harabar Jami'ar Kassel ke koyar da noman da ba a sa masa takin zamani, 'yan Afirka na zaune a aji. Akwai wani gidan gilashi mai ɗumi da ake rainon ayaba da koko da auduga. Ran da na fara shiga, na tsaya gaban audugar nan kamar na gamu da ɗan garinmu.

Batun rago kuwa, doka ba ta yarda mutum ya kayar da dabba a tsakar gida ya yanka ba, shi ya sa nake turo kuɗin a yi a wajenku. Ranar Idi jirgin ƙasa muke hawa zuwa Kassel, mu bi sahu da Turkawa da Larabawa, wanda bai ɗauki hutu ba ya koma bakin aiki. Shagalin sai Asabar: mu Hausawa yatsun hannu sun ƙirge mu, falo ɗaya ya ishe mu, tuwon semo da miyar kuka.

Nan ba a faɗo wa mutum gida da sallama kawai, sai an sa rana. Da na ɗauka girman kai ne. Tsohuwar da ke ƙasana ta taɓa hawowa ta yi min faɗa don na buga ƙusa ran Lahadi, ranar da ko kantuna a rufe suke. Bayan kwana biyu na tarar da kwanon ceri a bakin ƙofata, ba ta ce komai ba.

Kukarmu ta kusa ƙarewa, Kawu. In an samu mai tahowa, a haɗo da daddawa, a naɗe ta sosai.