Amsa: Baird ne ya ƙirƙiro talabijin ko Farnsworth?

Ɗan'uwa, ka tambaya wane ne ainihin wanda ya ƙirƙiro talabijin, tunda wasu na cewa Baird, wasu Farnsworth. Duka biyun suna da hujja, sai dai ba na'ura iri ɗaya suka ƙera ba.

John Logie Baird, ɗan Sikotilan, shi ya riga nunawa. Ranar 26 ga Janairun 1926 ya tara masana a wani ɗaki a Landan, suka ga fuska tana motsi a allo. Talabijin ɗinsa da faifai mai huda-huda yake aiki, yana juyawa yana yanka hoto layi-layi, dabarar da Bajamushe Paul Nipkow ya yi wa rajista tun 1884. Layi 30 kacal, hoton dishi-dishi, da ƙyar ake gane mutum.

Philo Farnsworth kuwa, a San Francisco ta Amurka, ya aika hoto da lantarki zalla a Satumban 1927, yana ɗan shekara 21, babu wani faifai mai juyawa. Har kamfanin rediyo na Amurka mai suna RCA ya ja da shi kan haƙƙin mallaka, aka ba Farnsworth gaskiya a 1935.

A wurina gardamar ta mutu a BBC. A Nuwamban 1936 suka fara gwada na Baird mai layi 240 da na kamfanin Marconi-EMI mai layi 405, na lantarki. Wata uku kawai aka yi, aka ajiye na Baird. Saboda haka in gwajin jarabawa ne ka rubuta Baird, amma akwatin da iyayenmu suka kalla jikan na lantarkin ne.