Amsa ga mai neman kakansa a fihirisar mujallu: ta gari da sarauta za a bi

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce kakan mahaifinku malamin haraji ne a En'e ta Zazzau, ka duba fihirisar mujallun salsala a intanet ba ka ga sunansa ba, kana tambaya ko akwai wadda ta fi.

Irin waɗancan fihirisoshi, kamar PERSI ta ɗakin karatu na Fort Wayne a Amurka, an gina su ne kan sunan dangi da na wuri, kuma abin da kan maƙala ya nuna suke ɗauka, ba kowane suna da ke cikinta ba. Mu kuwa kakanninmu ba su da sunan dangi: mutum Audu ne ɗan Mamman, ɗansa Garba ɗan Audu. Waɗanda suka shiga boko ma da yawa sunan garinsu aka laƙa musu. Saboda haka suna shi ne abu na ƙarshe da za ka nema. Fara da gari, sai gunduma, sai hakimin da ya yi wa aiki, sannan shekara.

Wannan kuwa a gida ake samo shi. Zauna da tsofaffin gidanku, musamman mata, don su suka fi riƙe wa ya auri wa. Kada ka tambayi shekara, ba za ka samu ba. Tambayi wane sarki ke kan gado, ko kafin yaƙin Hitila ne ko bayansa. Rubuta sunan yanka, da laƙabi, da sunan da matansa ke sakaya shi da shi.

Sai ka nufi Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke titin Rabah a Kaduna. Mujallar ƙungiyar masana tarihi ta Nijeriya, wadda ta fara fita a 1956, da Kano Studies da makamantansu ba mujallun salsala ba ne, amma a nan nasabar gidajen sarauta da na malamai take fitowa. Kada ka tsaya kan jikin maƙala, gangara ƙasan shafi. A nan marubuci ke ba da lambar fayil, ka ga an sa NAK, wato ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, sai ZARPROF, wato fayilolin lardin Zariya, sai lamba. Kwafe ta harafi da harafi, domin ita ce makullin. Haka kundayen digiri na Jami'ar Ahmadu Bello: a bayansu akwai jerin dattawan da aka yi hira da su, da shekarunsu da garinsu. Sau da yawa shafukan nan biyu sun fi kundin duka amfani ga mai neman asali.

Da lambar a hannu sai ka tafi ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon a Kaduna. Fayilolin lardi-lardi aka jera su: ZARPROF na Zariya, KANOPROF, SOKPROF, KATPROF, sai SNP na sakatariyar Lardunan Arewa. Nemi littafin gunduma da rahoton kimanta haraji na gundumarku. Di'o kan rubuta tarihin gari, jerin hakimai da dagatai, wani lokaci har da zanen nasaba da sunayen ma'aikatan hakimi. Malamin haraji a irin wannan wuri yake ɓullowa, ko a takardar albashi, ko kuwa, ka yi haƙuri, a fayil ɗin binciken kuɗin da suka yi ɓatan dabo.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne iyakar lardi, don ta sha motsawa. Katsina tana ƙarƙashin lardin Zariya daga 1926 zuwa 1934, kafin nan kuma tana lardin Kano. Masarautar Jama'a tana lardin Nasarawa, daga 1926 ta koma lardin Filato. Wanda ya kafe kan iyakokin jihohin yau zai yi mako yana tonon inda ba a binne kome ba.

Sai rubutun suna. Bature yadda kunnensa ya ji haka yake rubutawa: Mohamman, Mamman, Momodu duk Muhammadu ne, Abubakr, Bukar, Habu da Garba na iya zama mutum guda, Zazzau takan fito Zegzeg ko Zozo, Sarki ya zama Sariki. Ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ. In kana bincike a JSTOR, rumbun mujallun ilimi na intanet, cire lanƙwasar haruffan, ka gwada kowane suna ta fuska huɗu ko biyar, domin na'ura ce ta karanta tsohon bugu, kuma tana tuntuɓe.

Sarauta ma tana ruɗarwa. Fihirisa za ta ce Iya ko Ɗangaladima ba tare da suna ba, alhali a Zazzau sarauta na yawo tsakanin gidajen Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, kuma mutum ɗaya kan riƙe biyu ko uku a rayuwarsa. Duk sarautar da ka rubuta, liƙa mata shekara a gefe. In wasiƙar Larabci ce ko ta ajami mai shekarar Hijira, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1350 za ta ba ka 1931, kuskuren bai wuce shekara guda ba.

Jaridu ka bar su ƙarshe. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara a Janairun 1939, New Nigerian a 1966, kuma fitowa-fitowa za ka bi su da ido. In ba ka taƙaita zuwa shekara biyu ko uku ba, idonka ne zai gaji a banza.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: zanen nasabar da ka gani a buga, ko da na Razdan ne, daga bakin wani aka ɗauko shi, galibi mai riƙe da sarautar a lokacin, kuma yakan manta da reshen da suka yi takara da shi. Kada ka shigar da suna cikin salsalarku sai ya zo ta hanya biyu da ba su kwafi juna ba. A littafinka, kowane suna ka sa masa lambar fayil da shafi, ko sunan tsohuwar da ta faɗa maka da ranar da kuka zauna.

Turo sunan gundumar da na hakimin, sai a ga jerin da ya kamata ka fara buɗewa.