Wa Zan Gayyato Ya Yi Wa Ɗalibaina Maganar Kimiyya?

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a Gwale. Ina so in gayyato masana kimiyya su gana da ɗalibaina, amma ina tsoron a yi musu laccar da ta fi ƙarfinsu. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, tsoronki yana kan hanya. Wanda ya saba da ɗaliban jami'a, in aka tara masa yara a fili aka miƙa masa lasifika, Turanci zai yi ta zubawa har a tashi. Don haka kada ki nemi lacca. Ki roƙi baƙon ya zo da abin da yake taɓawa kullum a wurin aiki, ya shiga aji ɗaya, ya yi Hausa.

Mutanen kuwa Kano ba ta rasa su ba. Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken noma a busassun yankuna. Akwai kuma cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa guda biyu: IITA ta daɗe tana aiki kan wake a tasharta ta nan, ICRISAT kuma kan dawa da gero da gyaɗa. Ga masu gwajin jini a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga masu auna tsabtar ruwa a matatar Tamburawa.

Mu ce mai binciken wake kika samu. Ya zo da kwano biyu, ɗaya da waken da ƙwari suka huda har ya fara zama gari, ɗaya da wanda aka ajiye a buhun PICS mai ninki uku. Ya bar yara su damƙa, su shinshina, sannan ya tambaye su: tunda ba a zuba magani ba, me ya kashe ƙwarin? Kada ya yi saurin ba da amsa. Za su yi ta canka har wata ta ce iska ce ta ƙare musu a ciki. Wallahi yarinyar da ta gano haka da kanta ba za ta manta ba.

Ni dai na fi so ki nemi mace matashiya, ko da mai karatun digiri na biyu ce. Ta faɗa musu unguwarsu da makarantar da ta yi. 'Yan aji uku sun fi kowa buƙatar jin wannan, domin su ne ke gab da zaɓen ɓangaren da za su bi, wasunsu ma za su zauna jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jiha.

Takardar gayyata ta fito daga ofishin shugabar makaranta zuwa ga shugaban sashen baƙuwar. Yara su rubuta tambayoyinsu tun da wuri ki tura mata ta WhatsApp. Minti 40 ya isa, rabinsa na tambayoyi. A tanadi kuɗin motarta, kuma kada a shirya komai da zai dogara da wutar lantarki.